Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Kuɗi Na Gana: Kada A Ɗauke Mini Harajin Da Innata Ke Biya

Daga Aboabo, Kumasi

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ara mini kunnenka na ɗan lokaci, ko da yake na san teburinka cike yake da takardun da suka fi tawa nauyi.

Ni mawaƙi ne, ɗan makaɗi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, kalangu ya kaɗa wa mahauta a garin nan har ƙarfinsa ya ƙare. Ni kuma ina da ɗan ɗakin ɗaukar waƙa a bayan shagon wani tela a Aboabo. Faɗinsa bai wuce tabarma huɗu ba, na liƙe bangonsa da tsohuwar katifa da kwalin ƙwai don kada ƙarar pragya, wato babur mai ƙafa uku, da ta masu talla ta shiga cikin sauti. A nan nake ɗaukar waƙoƙin aure da na suna, da bege idan Maulidi ya zo, da tallar makarantu da ta shaguna da ake sawa a rediyo. Shekara 22 ke nan da wannan sana'a nake ci, da ita na yi aure, da ita nake biyan kuɗin makarantar yara huɗu.

Kusan duk shekara idan lokacin kai kasafin kuɗi gaban Majalisa ya matso, sai magana ɗaya ta tashi a rediyo da talabijin da Facebook: a ɗauke wa masu fasaha haraji. Kwanakin baya maganar ta iso mu har gida. Mun taru, mu mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo da masu ɗaukar hoto na Zango, a farfajiyar wata makarantar Islamiyya bayan la'asar. Aka kawo takarda, aka karanta mana, aka fassara: ana roƙon gwamnati ta yafe wa duk mai fasaha harajin abin da ya samu daga fasaharsa. Biro ya zagayo har hannuna, na miƙa wa na kusa da ni ban sa hannu ba. Wani abokina da muka yi karatun allo tare ya dube ni ya ce, “Haba aboki, lafiyarka kuwa? An ce a sauke maka kaya, kai kana cewa a bar maka shi a ka?” Bakina ya yi nauyi, ban iya ba shi amsa a wurin ba. Na kwana biyu ina juya abin a raina, sannan na ga gara in rubuta maka, shi ma ya karanta, tunda a hannunka alƙalamin yake.

Abin da ya riƙe hannuna a ranar, ranka ya daɗe, wata ƙusa ce.

Innata koko da ƙosai take sayarwa a bakin tasha tun ina goye. Ƙarfe uku na dare take tashi. Gero ta jiƙa tun shekaranjiya, an niƙo shi da citta da barkono da kanumfari, ta tace, ta bari ya kwanta. Kafin a kira sallar asuba ta dama, ƙanwata ta ɗora mai a wuta, kafin gari ya waye direbobin tirotiro, ƙananan motocin haya, da 'yan makaranta sun yi layi. A ƙafar teburinta akwai wata ƙusa da ta buga da kanta, a jikinta take soke tikitin da mai karɓar kuɗin kasuwa yake yanka mata kullum. Idan ƙusar ta cika sai ta zare su ta ɗaure da zare ta jefa cikin tsohon gwangwanin Milo. Ranar da aka wuni ana ruwa, koko ya kwantai, ƙosai ya yi sanyi a tire, ita ma akwai tikitinta a jikin ƙusar. Ba a taɓa tambayarta ko ta ci riba ba. Ban da wannan ga harajin da ba ta gani da ido: na cikin sukari, na cikin leda, na cikin katin waya. VAT, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, ya koma kashi 15 cikin 100 tun 2023, ga na inshorar lafiya da na asusun ilimi, kowanne kashi 2.5, a kansa. Daga watan Mayu na 2022 har zuwa 2025 da aka soke shi, ko kuɗin gero za ta tura wa mai kawo mata daga Arewa ta MoMo, wato ta waya, sai an ciri harajin tura kuɗi. Telan da nake bayan shagonsa yana sayen hatimin haraji duk wata uku. Direban da ke shan kokon Inna yana da takardar harajin mota manne a gilashi, shi ma duk wata uku.

To da wane ido zan dubi waɗannan mutane in ce ni an ɗauke mini, saboda ni waƙa nake yi? Su ne fa masu gayyata ta biki. Su ne masu liƙa mini kuɗi a goshi. Daga aljihun da aka riga aka tatsa abincina yake fitowa.

Ka fi ni sanin cewa harajin da aka yafe ba ya ɓacewa, wani ake ɗora wa. Shi ya sa sashe na 174 na Kundin Tsarin Mulki na 1992 ya ce ba mai yafe haraji sai da yardar Majalisa, shi ya sa kuma aka yi Dokar Yafe Haraji ta 2022, bayan an daɗe ana kukan cewa abin da ƙasa ke asara ta wannan ƙofa ya yi yawa. Ba mu manta watan Disamba na 2022 ba, da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100. Ba mu manta tsofaffi 'yan fansho da suka yi ta zama a ƙofar ma'aikatarku a farkon 2023 suna roƙon kada a taɓa musu ajiyarsu ba, har da tsohuwar Babbar Jojin ƙasa a cikinsu. A watan Mayu na shekarar ne ƙasa ta karɓi rancen dala biliyan 3 daga Asusun Lamuni na Duniya. Ƙasar da ke cikin wannan hali, duk ramin da aka haƙa a baitulmalinta da ƙasar bayan gidan talaka za a cike shi. Kashin dankali ke nan, manya a sama, ƙanana a ƙasa suna shan nauyi. Mutanen ƙasar nan kuwa suna da haƙuri, amma ba sa yafe harajin da suka ga babu adalci a cikinsa. Waɗanda suka ga zanga-zangar Kume Preko ta 1995, wadda ta sa aka janye VAT sai 1998 ya dawo da sauƙi, suna nan da ransu.

Amma kada ka ɗauka na rubuto ne don in ce 'yan'uwana ba su da gaskiya. Ruwa ba ya tsami banza. Kukan da suke yi yana da tushe, kuma tushen ya girmi yawancinsu.

Na taso ina jin labarin daga bakin Baba. Shi kalangunsa itace ne da fata da tsirkiya, babu abin da ya ƙetaro teku, don haka kuɗin fito bai shafe shi ba. Amma yana da abokai Tonawa da Fante masu kaɗa jita da busa ƙaho a ƙungiyoyin kiɗan hailaif na Gana, suna haɗuwa a gidajen biki. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 aka sa dokar hana fitar dare, ta ɗauki fiye da shekara biyu. Wanda abincinsa na dare ne, an rufe masa kasuwa ke nan. Sannan aka sa kayan kiɗa a sahun kayan alatu, aka ɗora musu kuɗin fito da ya fi kuɗin sayensu. Baba ya ce da idonsa ya ga gwanin jita yana warware wayar birkin keke yana ɗaurawa a madadin tsirkiya. Ƙungiyoyi suka watse. Wasu suka nufi Legas, wasu Landan, wasu Hambog ta Jamus, inda aka haifi irin hailaif ɗin nan da ake kira boga. Waɗanda suka rage da yawa suka koma coci, domin coci ba ta biyan irin wannan kuɗi a kan kayan kiɗanta. Sai a 2004 aka sassauta. Shekara ashirin ke nan da 'yan kai, tsara guda ta masu kiɗa da hannu ta kusa shuɗewa ba ta bar magada ba. Duk wanda ya ce haraji ba ya kashe fasaha, bai san tarihin ƙasar nan ba.

Har yau ma ciwon bai warke duka ba. Shekarun baya ƙanena da ke Italiya ya aiko mini da na'urar haɗa sauti ta hannu da lasifika biyu. Da aka lissafa kuɗin fito da VAT da sauran ƙananan kuɗaɗen tashar jirgin ruwa, abin da na biya ya kusa kamo kuɗin da ya saye su. Ban ce wani ya cuce ni ba, abin da doka ta tsara aka karɓa. Sai da na ci adashi biyu, matata ta sayar da zannuwanta uku na lefe, sannan kayan suka iso Aboabo. Ban samu ko fesuwa ɗaya, wato kwabonmu na Gana, da su ba tukuna, amma na riga na biya haraji a kansu.

Ga kuma yadda kuɗinmu yake zuwa. Sana'armu kamar noma take, tana da kaka tana da bazara. Bayan Sallah da watan Disamba biki kan biki, har mutum ya rasa barci. Azumi ya kama, ɗif, sai a rataye makirufo. Shekarar zaɓe waƙar kamfe guda ɗaya tana iya kawo abin da mutum bai samu a shekara uku ba, sannan shekaru biyu su biyo baya babu komai. Shi kuwa harajin kuɗin shiga hawa-hawa ne, yana tashi har kashi 35 cikin 100, kuma shekara-shekara ake lissafa shi. Ɗauki malamin makaranta da mawaƙi, a ce a cikin shekara uku abin da suka samu daidai yake. Malamin nasa ya zo kaɗan-kaɗan duk wata, ya zauna a matakin ƙasa. Mawaƙin nasa ya zo a dunƙule shekara ɗaya, sai ya faɗa matakin sama kamar wani attajiri, a yanke masa fiye da na malamin, alhali tukunyarsu ɗaya ce. Wannan rashin adalci ne na gaske, kuma ba sai an yafe wa kowa komai ba kafin a gyara shi. A Ingila marubuci ko mai zane yana iya haɗa ribar shekara biyu a raba daidai kafin a yanka masa haraji. A Faransa ana iya bazawa a kan shekara uku ko biyar. Mu ma a ba mu wannan, kuma a ba manomin tumatir na Akomadan da duk wanda samunsa ke zuwa da kaka, domin damuwarmu iri ɗaya ce.

Masu neman a yafe gaba ɗaya sukan kawo misalin ƙasar Ailan, kuma na ji an ambace ta a taronmu. Na bi labarin, ya kamata a faɗe shi har ƙarshe. A 1969 ministan kuɗinsu, Charles Haughey, ya kawo doka cewa marubuta da masu tsara kiɗa da masu zane da sassaƙa ba za su biya harajin abin da suka samu daga aikinsu ba. Shekaru da dama babu iyaka. Da tafiya ta yi nisa sai jama'a suka lura cewa mafi yawan masu fasahar abin da suke samu bai taka kara ya karya ba, ribar dokar kuwa 'yan tsirarun da suka riga suka yi arziki ne ke kwashe mafi tsokarta. Aka sa iyaka ta Yuro 250,000 daga 2007. Da jin za a yi haka, ƙungiyar mawaƙan nan ta U2 ta mayar da harkar kuɗin waƙoƙinta Holan a 2006. A 2011 aka sauko da iyakar zuwa Yuro 40,000, a 2015 aka mai da ita 50,000. Har tsohon firaministansu, Bertie Ahern, ya samu wannan rangwame a kan littafin tarihin rayuwarsa, mutane suka yi ta surutu. Ƙasar da ta fi mu kuɗi nesa ba kusa ba, ita da kanta ta gane cewa ƙofar da ta buɗe ta yi faɗi, ta dawo tana rage ta. Mu me zai sa mu fara daga inda suka yi tuntuɓe?

Dalilin a fili yake. Yafe haraji ba ya amfanar wanda ba shi da abin da za a yanka. A 2024 wanda samunsa bai wuce sidi 490 a wata ba, dama doka ba ta neman harajin kuɗin shiga a wurinsa. Yarinyar da ke yin amshi a bayana, da yaron da ke buga mandiri a Maulidi a sallame shi da kuɗin mota, ko an yafe ko ba a yafe ba duk ɗaya ne a wurinsu. Wanda zai ji daɗin abin shi ne mai cika filin wasa a Akra a watan Disamba, mai tallata wa kamfanonin waya, mai lauya da akawu. Iya yawan samunka, iya yawan kyautar da ƙasa ta yi maka. Za a yi doka da sunan yaron mandiri, a kai ribarta East Legon, unguwar masu kuɗi a Akra.

Akwai kuma tambayar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya: wa zai ce wane mai fasaha ne, wane kuma ba shi ba ne? A Ailan hukumar haraji ce ke yanke hukunci ko aiki na asali ne kuma yana da daraja, tana neman shawarar majalisar fasaha. Dokar tasu ma ta tsaya ne a kan wanda ya ƙirƙira, ban da wanda ya hau dandali ya yi wasa. Da a can Baba yake, da kalangunsa bai shiga ba, shi da mahauta ke jin sunan kakanninsu a cikin kiɗansa su ajiye wuƙa su taso. To a nan fa? Zo mu zaga Zango tare. Ga tsoho a Alabar da ya shekara 40 yana aikin wuyan babbar riga da allura, aska takwas guda ɗaya tana cin masa wata biyu da hasken idonsa. Ga mai ɗinkin hula. Ga malamin da ke zayyanar allon sauka, wanda in ka ga yadda ya haɗa ja da kore da ruwan ɗorawa sai ka tsaya. Ga mai ƙunshin amare. Ga baduku. Ga mai rubutu da zane a bayan manyan motoci a Suame Magazine, unguwar makanikai. Fita Zango ka je Bonwire wurin masaƙan kente, wanda UNESCO ta sa a jerin gadon duniya a watan Disamba na 2024, ka biya Ntonso wurin masu buga tambarin adinkra a kan yadi, ka tsaya Ahwiaa wurin masassaƙa. Waɗannan duka a takardar haraji sunansu tela, ko mai sana'ar hannu, ko ɗan kasuwa. Ranar da aka kafa kwamiti a Akra, aka buga fom da Turanci, aka ce a kawo shaidar rajista da hoton aiki ta intanet, ka san wanda zai shiga ka san wanda zai tsaya a waje. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, da ajami ya rubuta waƙoƙinsa na Hausa, har yau jami'o'i na nazarinsu. Masu irin wannan rubutu suna nan a zaurukan Kumasi da Nima da Tamale. Wane kwamiti ne zai iya karanta su, balle ya auna darajarsu?

Na faɗi haka ne don na ga irinsa. Tun 2018 akwai tanadi a dokar haraji cewa matashin da bai wuce shekara 35 ba, idan ya kafa sana'a a wasu fannoni, har da yawon buɗe ido da fasaha, yana da hutun haraji na shekara biyar. A taron nan namu na tambaya, a cikin matasa fiye da ashirin babu ko ɗaya da ya taɓa jin labarinsa. Rangwame yana nan a rubuce, bai taɓa hawa tirotiro ya iso Aboabo ba. Idan wanda ke akwai bai iso ba, me zai sa in yarda sabo zai iso?

Mu a Zango muna da ma'aunin da muka tashi da shi, kuma ina ganin zai yi maka amfani ko da kai ba Musulmi ba ne. A karatun zaure an koya mana hukuncin zakka. Ba ta tambayar mutum mece ce sana'arsa. Malami da mahauci da mawaƙi da sarki duk ɗaya ne a gabanta. Abin da take tambaya shi ne, dukiyar ta kai nisabi? Shekara ta zagayo a kanta? Kuma ba ta hawa kan kayan aiki: keken tela, uwar maƙera, jakin ɗan garuwa, babu zakka a kansu, sai a kan abin da suka haifar idan ya taru. Ni iyakar abin da nake nema ke nan a wurinka. A ɗaga hannu daga kan kayan aiki, a jira su haihu. A sauke kuɗin fito a kan makirufo da na'urar haɗa sauti da kyamara da fenti da zaren saƙa ga wanda ya yi rajista da katinsa na ɗan ƙasa, wanda dama shi ne lambar harajinsa tun 2021, a kuma ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai shigo da shi, don kada 'yan kasuwa su fake da mu su cika shaguna a Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi. Idan kuma lallai sai an yi rangwame a kan kuɗin shiga, to a yi masa rufi ƙasa-ƙasa, daidai abin da zai riƙe gida, abin da ya haura a biya kamar kowa. Kuma rufin ya rufe mai wuyan riga da masaƙin Bonwire da Innata tare da ni. Duk wanda ya amfana a buga sunansa kowa ya gani, kamar yadda Ailan ke yi.

Sauran taimakon da za ku yi wa fasaha, ku yi shi da rana tsaka. Majalisa ta yi Dokar Masana'antar Fasaha a 2020, an kafa hukuma. Ku sa mata kuɗi a kasafi, a rubuce, inda ɗan majalisarmu na Asawase zai iya tashi ya tambayi nawa aka ware, nawa aka saki, nawa ya iso Kumasi. Kuɗin da aka bayar a fili ana iya binsa, yana kuma iya isa ga wanda bai fara samu ba. Wanda aka yafe a ɓoye ba mai ganin sawunsa. Da shi za a gyara dandali a unguwanni, a rage kuɗin hayar zaure a Cibiyar Al'adu ta Kumasi ga ƙananan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, a sa tsofaffin gwanaye su koyar da yara kafin su tafi da abin da suka sani. Kalangun Baba yana rataye a ɗakina, fatarsa ta bushe, ban san yaro ko ɗaya a unguwarmu da zai iya sa shi ya yi magana ba.

Abu ɗaya kuma da ya fi duk wani rangwame, ko da yake ba a ofishinka kaɗai yake ba, amma kana zama a majalisar ministoci. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2005 ta ce mai waƙa yana da haƙƙi idan aka yi kasuwanci da waƙarsa, kuma tun 2011 akwai GHAMRO da aka ɗora wa karɓar wannan haƙƙi. Amma waƙa tana tashi a gidajen rediyo da otal-otal da wuraren biki dare da rana, mai ita yana neman kuɗin asibiti. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sau nawa muka ji tsohon mawaƙin da duk ƙasa ta yi rawa da waƙarsa ana tara masa taimako a rediyo? A sa sharaɗi cewa ba za a sabunta wa gidan rediyo ko otal lasisi ba sai ya nuna shaidar ya biya haƙƙin masu waƙa. Ranar da haƙƙinmu ya fara isowa hannunmu, ku yanki naku a ciki, ba za ku ji bakina ba.

'Yan'uwana masu fasaha, na san za ku karanta, ku ma ga taku. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulki ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa ya bayyana samunsa da gaskiya ya biya abin da ke kansa, bai ce ban da mai zaƙin murya ba. Yawancinmu ba mu da ko littafin da muke rubuta shiga da fita. Kamfani ya ba mu aiki ya cire kashi 7.5 cikin 100 kafin ya biya, mu tafi muna gunaguni, ba mu karɓi takardar shaidar cirewar ba, alhali da ita ake rage mana abin da za mu biya a ƙarshen shekara. Kuɗin mota, kuɗin 'yan amshi, kuɗin wuta, gyaran na'ura, duk ana fitar da su kafin a lissafa riba, amma sai ga wanda ya rubuta. Kakanninmu da suka yi fataucin goro daga Gwanja zuwa Kano sun biya fito a kowane mashigi, da haka suka samu bakin magana a gaban sarakuna. Mu ma ba za mu iya buga ƙirji mu tambayi inda lampo ɗinmu, wato harajinmu, ya tafi ba, mu tambayi dalilin da kwatar Aboabo ke cika ta shiga gidaje duk damina, sai muna da rasit a hannu. Kai kuma, ranka ya daɗe, ka turo ma'aikatan Hukumar Tara Haraji su zauna da mu a Zango, su yi bayani da Hausa da Tuwi da Dagbani, a rediyo da kuma baki da baki, kafin su zo da kwaɗon rufe shago.

Abokina da ya yi mini tambaya a taro har yanzu yana jin haushina. Jiya mun haɗu a masallaci, mun gaisa sama-sama. Yana da 'ya'ya shida, kyamararsa ta lalace tun watan jiya, kuɗin sabuwa ya fi ƙarfinsa, kuma na san rabin abin da ya sa ta yi tsada a tashar jirgin ruwa aka ɗora shi. Idan ka sauke wannan, ka share masa hawaye fiye da takardar da ya sa wa hannu.

Duk ranar da aiki ya kawo ka Kumasi, ina gayyatarka Aboabo. Ka zo da sassafe, wajen ƙarfe biyar da rabi, kafin koko ya ƙare. Inna za ta nuna maka ƙusarta da gwangwaninta, ta ce tikitin shekara uku ne a ciki ba ta zubar da ko ɗaya ba. Daga nan mu ratsa ta shagon tela mu shiga ɗakina, in nuna maka na'urar da zannuwan matata suka fanso, da littafin shiga da fita da na fara rubutawa tun watan Muharram.

Wassalam. Allah ya yi maka jagora, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya.

Naka,
Mawaƙi, ɗan makaɗin kalangu,
Aboabo, Kumasi